Kafin Ka Ajiye Farar Riga Ka Kama Makirufo

Ɗana,

Babanka ya kawo mini ƙararka a kan abu biyu. Na farko, wai kana shirin ajiye aikinka na ɗakin gwaje-gwajen asibiti ka koma shirin rediyo da bidiyon waya ɗungurungum. Na biyu, masu sauraronka sun matsa maka da tambayar ko da gaske ne mutum daga biri ya fito, kai kuma ka yi musu alkawarin shiri guda sukutum a kan maganar. Shi na farkon ne ya hana shi barci, don yana ganin albashi zai tafi. Ni na biyun ya fi tsaya mini a rai. Ya ce in hana ka duka, na ce masa ba zan hana ka ko ɗaya ba, amma zan yi maka magana. Na koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare tun jihar nan tana Gongola har na yi ritaya. Na san daɗin ganin fuskar yaro ta washe sa'ad da ya gane abin da ya daɗe yana ɗaure masa kai, na kuma san irin ƙurar da babin juyin halitta na 'yan aji shida yake tayarwa, babin da malamai da yawa kan tsallake su ce lokaci ya ƙure.

Mu fara da maganar aiki, don ita ce mai sauƙi. Sauya fage ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Marigayi Farfesa Jibril Aminu, mutumin Song, likitan zuciya ne da ya gama karatu a Ibadan a 1965, amma yawancin 'yan Najeriya ba a asibiti suka san shi ba. Ya riƙe hukumar jami'o'i ta ƙasa, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, ya yi ministan ilimi, inda ya tsaya tsayin daka a kan karatun 'ya'yan makiyaya, ya yi ministan man fetur, ya yi jakada a Amurka, sannan ya wakilci Adamawa ta Tsakiya a majalisar dattawa daga 2003 zuwa 2011. Farfesa Iya Abubakar na Belel daga lissafi ya fito, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello kafin siyasa ta ɗauke shi. Wanda ya fi kusa da hanyarka shi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano: ya kai matsayin farfesa a fannin koyar da kimiyya a Jami'ar Bayero a 1997, sai ya karkata ga nazarin littattafan Hausa da finafinai da waƙoƙi, har ya sake zama farfesa a fannin sadarwa a 2012. In babanka ya ce ba a taɓa yi ba, ga amsa.

Sai dai ka duba da kyau, a cikinsu babu wanda ya bar fagen farko yana ɗan koyo. Kowa sai da ya yi ƙarfi a inda ya fara, kuma wannan ƙarfin ne ya sa aka saurare shi a inda ya koma. Kai ma haka ne. Abin da ya sa matan Jambutu da masu shaguna a babbar kasuwar Jimeta suke yarda da kai in ka yi bayanin zazzaɓin cizon sauro shi ne sun san da safe idonka yana kan madubin ganin ƙwayoyin cuta, ka ga abin a cikin jinin mutum da idonka. Ka bar ɗakin nan shekara biyar, za ka wayi gari kana maimaita abin da ka karanto a intanet, daidai da kowane yaro mai waya da data. Ka dubi maƙwabcinmu na Yobe, Dakta Mahmud Bukar Maina, mai binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila. Ya yi suna wajen kai kimiyya makarantu da gidajen jarida, amma bai saki bincikensa ba, har ma cibiyar bincike ya kafa a jami'ar jiha da ke Damaturu. Shawarata ita ce ka nemi a rage maka kwanakin aiki in zai yiwu, ka riƙa sabunta lasisinka, ka bar shirin ya yi shekara biyu ko uku yana ciyar da kansa kafin ka ɗora masa ciyar da gida.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ku samari ba ku son a taɓo. Gidan rediyo lokaci yake sayarwa. Ka kunna akwatinka da dare ka ji su wa suka fi sayen lokacin. Mai maganin da ke warkar da basir da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa a kwalba guda yana sahun gaba, kuma aljihunsa ya fi na malamin jami'a nauyi. Muddin albashi na shigo maka ƙarshen wata, kana iya ce masa a'a ka kwanta ka yi barcinka. Ranar da kuɗin haya da na makarantar yara suka rataya a wuyan mai ɗaukar nauyin shiri, a'ar nan sai ta yi wa bakinka nauyi. Kuma jama'armu in suka janye yarda, ba su mayar da ita da wuri. Ka tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Mutane ba su manta gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a birnin a 1996 ba, sai jita-jita ta samu wurin zama. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, kuma sai a 2020 aka iya shelar cewa an rabu da ita a Afirka.

Akwai mutumin da nake so ka karanta tarihinsa da natsuwa, don shi ya bi hanyar da kake son bi tun daga farko har ƙarshe: Dakta Mustafa Mahmud na Masar. An haife shi a 1921, ya karanta likitanci a Alƙahira, ya ƙware a cututtukan ƙirji, sannan wajen 1960 ya ajiye aikin ya kama alƙalami. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru cikin shakka, har aka hana sayar da wani littafinsa a shekarun 1950. Daga baya ya dawo ga imani, ya rubuta labarin dawowar tasa da kansa. Shirinsa na talabijin mai suna Al-Ilm wal-Iman ya kai kashi kusan 400. Yakan sa hoton gizo-gizo ko tururuwa ko taurari, ya zauna yana bayani cikin sanyin murya, manomi da farfesa kowa na fahimta. Ya gina masallaci a unguwar Muhandisin a 1979, ya haɗa shi da asibitin talakawa da ɗakin kallon taurari. Game da juyin halitta, ya yarda halittu sun zo daki-daki, wasu daga wasu, amma ya ƙi yarda cewa dace ne kawai ya tsara su; a wurinsa kowane mataki da hannun Mai tsarawa a ciki.

Wannan rabin ne masoyansa ke faɗa. Ɗaya rabin kuwa, aure biyu ya yi, duka suka mutu, ya ƙarasa shekarunsa a ɗan ƙaramin ɗaki a jikin masallacinsa. Kuma duk sa'ad da ya fito daga fagen da ya ƙware ya shiga na malamai, sai da ya sha wuta: tafsirin zamani da ya gwada a 1970 ya jawo masa raddi mai zafi daga malama Bintush Shaɗi'i, abin da ya rubuta a kan ceto a 1999 kuma ya haɗa shi da malaman Azhar, bayan nan ya janye jiki daga jama'a har rasuwarsa a 2009. Allah ya jiƙansa. Ban kawo shi don in rage masa daraja ba. So nake ka ga cewa mutum na iya ilmantar da miliyoyin gidaje alhali nasa gidan yana rushewa, kuma baiwar iya bayani takan ruɗi mai ita ya ɗauka ya iya komai.

Saboda haka ka zauna da mai ɗakinka tun kafin ka rubuta takardar barin aiki, ba bayan ka miƙa ba. Ita za ta auna tukunya da sabon samunka. Ita kuma za a tara a gidan suna a ce mata, ashe mijinki cewa ya yi kakanmu biri ne. Ka san yadda garuruwan nan biyu suke. Jimeta kasuwa ce, kowa da yarensa da addininsa da abin da ya kawo shi, magana takan ɓace a cikin hayaniya. Yola kuwa zaure ne, ga fadar Lamiɗo, ga gidajen modibbe, ga kunya irin ta pulaaku. Abin da ka faɗa a Jimeta da hantsi, kafin azahar ya isa zauren surukinka a cikin gari, kuma ba lallai ya isa yadda ka faɗe shi ba. Yaranka suna Islamiyya, a can ma za a tambaye su. Ka kuma cire su daga bidiyonka, su da uwarsu. Kai ka zaɓi fitowa fili, su ba su zaɓa ba.

Shi kansa Darwin, mai ƙa'idar juyin halitta, wanda ake ta zagi da sunansa, mutum ne mai tsoron ɓata wa iyalinsa rai. Shi ma mai sauya fage ne: an tura shi Edinbara karatun likita ya gudu don ba ya iya kallon tiyata, aka mai da shi Kambirij don ya zama limamin coci, sai ya ɓuge da hawa jirgin ruwan Beagle daga 1831 zuwa 1836. Kada ka yi koyi da shi a nan, shi ɗan masu kuɗi ne, bai taɓa jiran albashi ba. Ya auri Emma, 'yar kawunsa, mace mai riƙon addininta, wadda ta rubuta masa damuwarta a kan imaninsa a takarda, ya adana takardar har mutuwarsa. Tunanin ƙa'idar ya zo masa tun 1838, amma littafinsa a kanta bai fito ba sai 1859. A tsakanin nan ya yi ta tara hujja, har shekara takwas ya ɓata a kan wasu 'yan halittun teku masu manne wa duwatsu. 'Yarsa Annie ta rasu tana da shekara goma a 1851, shekarar da Bature Barth ya iso Yola, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana auna magana kafin ya faɗa, bai kamata almajiransa su faɗe ta a minti ashirin tsakanin talla da talla ba.

To, ga maganar kanta. Kada ka fara da biri. Ka fara da shanu, don Darwin ma da dabbobin gida da tantabaru ya buɗe littafinsa. Ka je kasuwar Ngurore ka tsaya kusa da dattijon makiyayi, ka tambaye shi me ya sa yake barin wannan bijimi a garke ya dandaƙe wancan. Zai gaya maka yana duba jikin uwar, da yawan nononta, da juriyar tafiya, da launi, da ƙaho. Ya san ɗa yana ɗauko iyaye, ya san ba duka 'ya'ya ke zama ɗaya ba, ya san in aka yi ta zaɓe tsara bayan tsara garke kan sauya kama. Haka aka samu Gudali da Bunaji da Rahaji, kowace da siffarta. Daga nan sai ka tambaye shi me ya sa Muturu, 'yar gajerar saniyar kudu marar tozo, take rayuwa a dajin ƙudan tsando inda sammore ke karkashe namu. Wannan ba makiyayi ne ya zaɓa ba. Cutar ce ta yi ta kwashe marasa juriya shekara dubbai, masu juriya suka rage suka hayayyafa. In mai sauraro ya gane wannan, ya riga ya kama jijiyar ƙa'idar: bambanci tsakanin 'ya'ya, gadon wannan bambanci, sai muhalli mai tankaɗe da rairaya, sai dogon lokaci.

Daga kara ka wuce asibiti, inda kai ne malami. Duk wanda ya kai shekaruna ya sha kulorokwin, ya san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa. A da magani ne sha yanzu magani yanzu. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya fara gazawa a gabashin Afirka, gazawar ta iso mana, har a 2005 Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan atemisinin. Ka bayyana musu a hankali cewa ƙwayar cutar ba wayo ta koya ba. A cikin miliyoyinta akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da ɗan sauyi a ƙwayoyin gado wanda ya sa maganin bai kama su. Magani ya kashe sauran, su suka rage, su suka haifi na gaba. Yanzu an fara ganin alamun haka ga sabon maganin a Ruwanda da Yuganda, sauro ma yana yi wa maganin gidan sauro irin wannan turjiya. A nan ne bayaninka zai ceci rai, don shi zai fahimtar da uwa dalilin da ya sa ake cewa a shanye magani ko da yaro ya tashi yana wasa, da dalilin da ya sa sayen ƙwayar magani biyu-biyu a kemis ke jawo wa gari duka masifa.

Sikila kuwa ta fi kowane misali kusa da zuciyar mutanenmu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma ana kiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar nan. Mai hankali zai tambaya, abin da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa tun zamanin kakanni? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga binciken da ya yi a gabashin Afirka: mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. A ƙasar da sauro ya yi yawa, gadon da ke cutar da mai SS shi ne ke kare mai AS, shi ya sa ya zauna daram. Ka haɗa wannan da lissafin aure, AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, sai ka ga iyaye sun daina ɗora wa mayu da aljanu, sun tafi gwajin jini kafin a sa rana.

Akwai misali guda da nake so ka taka a hankali. Yawancin manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara, sai dai kindirmo. Fulani da dama kuwa suna shan ɓiraɗam har tsufa ba abin da ke samunsu, saboda wani sauyi a ƙwayoyin gado da ya yaɗu a cikin al'ummomin da suka daɗe da kiwo. Haka kuma binciken da aka yi a Burkina Faso da Mali tun shekarun 1990 ya nuna Fulanin can ba su kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kamar maƙwabtansu. Duka gaskiya ne, kuma suna da daɗin bayani. Amma kana magana ne a jihar da ke da ƙabilu da yawa da tsofaffin miki. Wani zai ɗauki maganar madara ya mai da ita maganar fifiko kafin ka rufe baki. In za ka faɗa, ka faɗi cewa kowace al'umma tana ɗauke da irin nata gadon da muhallinta ya bar mata, kuma babu wanda ya mai da wani sama da wani.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa kalmar biri ke ƙona mutane, ko da an ajiye addini gefe. Turawan mulkin mallaka sun ari ƙa'idar nan sun jera 'yan Adam hawa-hawa, suka sa kansu a sama, mu a ƙasa. A 1906 an ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a sashen birai na gidan namun daji a birnin Niyu Yok, ana zuwa kallonsa. Har gobe ana jifan 'yan ƙwallonmu da ayaba a filayen Turai. Wanda ya bugo maka waya a fusace, wataƙila wannan yake ji a ransa ko da bai san tarihin ba, kuma yana da gaskiyarsa. Ka fara ba shi ita. Sannan ka gaya masa ilimin gado na yau ya rushe wancan jerin, ya nuna 'yan Adam duka iri ɗaya ne, kuma asalin kowa, fari da baƙi, daga nahiyar nan yake.

Sai ka faɗi abin da masana suke cewa daidai yadda suke cewa. Ba su ce birin da ke ɓarna a gona ya haifi mutum ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai irin waɗanda ke dajin Gashaka-Gumti, masu zaƙulo zuma da tsinke, sun haɗa kaka a can baya, shekara miliyan shida zuwa bakwai, kamar yadda kai da ɗan bappanka kuka haɗa kaka ba tare da ɗayanku ya haifi ɗaya ba. Hujjarsu ita ce kamannin ƙwayoyin gado, inda bambancin da ke tsakani kaɗan ne ƙwarai, da kuma ƙasusuwan da ake tonowa. Ɗaya daga cikin mafi tsufa a maƙwabtanmu aka same shi: ƙoƙon kan da ake kira Tumai, wanda wani ɗalibi ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinta a hamadar Jurab a 2001 cikin ayarin Michel Brunet. An kiyasta masa shekara kusan miliyan bakwai, kuma har yanzu masana na gardama ko da ƙafa biyu yake tafiya. A Jabal Irhud ta Maroko kuma an samu ƙasusuwan masu kama da mu da suka kai shekara 300,000.

Ƙarya biyu za su zo maka a nan, kowace da zaƙinta. Ɗaya ita ce ka ce wa jama'a ai masana ma sun yi watsi da ƙa'idar, don a tafa maka a bar ka lafiya. Ba su yi watsi da ita ba. A kanta aka gina ilimin halittu da ake koyarwa a jami'armu ta Girei da kowace jami'a, gardamarsu a kan rassa take. Ɗayar ita ce ka bar mutane su fahimci cewa kimiyya ta gano babu Mahalicci, don 'yan boko na intanet su ce kai wayayye ne. Madubinka ba ya auna wannan, kuma duk wanda ya ce ya auna, ra'ayinsa ya faɗa ya lulluɓe shi da farar riga. Har wata 'yar ƙarama ta uku akwai, wadda mu Musulmi muka fi so: cewa Jahiz na Basra ya riga Darwin da shekara dubu. Jahiz ya lura da yadda dabbobi ke cin juna da yadda muhalli ke shafar su a littafinsa na dabbobi, wannan abin alfahari ne, amma bai kafa ƙa'idar da Darwin ya kafa ba. Kada son kai ya sa ka ƙara gishiri.

Game da Annabi Adamu, alaihis salam, wannan fagen malamai ne, kuma ka bar musu. Abin da za ka iya yi shi ne ka sanar da jama'a cewa an daɗe ana tattauna maganar cikin ilimi. Tun 1888 Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya yi dogon bayani a kanta a Risalatul Hamidiyya. Ya tsaya a kan zahirin nassi domin a ganinsa hujjar lokacin ba ta kai yaƙini ba, amma ya ce da za ta kai, akwai ƙofar tawili muddin an bar halitta a hannun Allah. Yawancin malamanmu na nan ba su yarda mutum ya shiga lissafin ba sam, kuma wajibi ne ka faɗi haka ba tare da raini ba. Wasu na waje sun karɓi sauyin dabbobi da tsirrai suka keɓe ɗan Adam. David Solomon Jalajel, a littafinsa na 2009, ya ce Adamu da Hauwa'u kaɗai nassi ya keɓe, halittarsu mu'ujiza ce da kimiyya ba ta iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Shoaib Ahmed Malik, wanda ya bar injiniyanci ya koma nazarin aƙida, ya auna ra'ayoyin nan da ma'aunin Imamul Gazali a littafinsa na 2021. In ka tambayi Bappanka, ni na yi imani da halittar Adamu yadda ta zo, ban kuma taɓa ce wa ɗalibi ƙashin da aka tono ƙarya ne ba, kuma sallata ba ta ragu ba.

Ka tuna kuma rediyo ba ya zaɓen kunne. Kiristocin Numan da Garkida da Demsa suna jin ka, kuma su ma a rabe suke. Cocin Katolika tun 1950, zamanin Paparoma Pius na 12, ta ba da damar bincike a kan asalin jikin mutum, ta ce rai kuwa Allah ne ke halittarsa kai tsaye, Paparoma John Paul na 2 ya ƙara ƙarfafa wannan a 1996. Majami'u da dama kuma suna riƙe da kwana shida a zahirinsu. Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gado da wake a lambu, malamin coci ne. In za ka gayyaci liman, ka gayyaci fasto.

Yadda za ka yi shirin ya fi abin da za ka faɗa haɗari. Kada ka yi shi kai tsaye da buɗe layin waya. Ka naɗa, ka saurara, ka ba mutum biyu masu hankali su saurara, ɗaya malamin addini ɗaya malamin kimiyya, sannan a sa. Duk jimlar da in aka yanke ta ita kaɗai aka watsa a WhatsApp za ta zama wata magana daban, ka sake gina ta, don akwai masu zaman jiran daƙiƙa talatin ɗin nan. Ka guji ba'a ko da wasa, ka guji cewa mutanenmu jahilai ne. A Landan ma, ba a nan ba, Usama Hasan, limami kuma malamin jami'a, ya sha barazanar kisa a 2011 bayan lacca a kan wannan batu a masallacinsu, har sai da ya janye wasu kalamansa. Kai ka san ƙasarmu, ba sai na tuna maka abin da fushin taro ya aikata a wurare ba. Ka je gidan limamin unguwarku da ƙafarka kafin shirin ya fita, ka zauna a tabarmarsa ka gaya masa abin da za ka faɗa da abin da ba za ka faɗa ba. Ko bai yarda da kai ba, in an kawo masa tsegumi zai ce ya riga ya ji daga bakinka. Sigar Fulfulde kuma kada ka bar wa wani ya fassara maka, ka yi da kanka.

Kuma shiri guda ba zai ɗauka ba, ka janye wancan alkawari ka ce za a yi jeri. Shanu, sannan magani, sannan sikila, a bar mutane su narkar. Kafin ka iso ga mutum, ka ba su labarin ƙasar da suke takawa, don wanda bai saba jin shekara miliyan ba, ba zai bi ka ba. Kwarin Binuwai ɗin nan, wajen shekara miliyan casa'in da suka wuce, teku ne ya ratsa shi, ya haɗe tekun kudu da na arewa ta cikin Sahara. Shi ya bar mana farar ƙasar Guyuk mai ɗauke da burbushin halittun ruwan gishiri, da ta Ashaka inda masu haƙar dutsen siminti ke fito da naɗaɗɗun kwasfa na dabbobin da babu irinsu a raye yau. A Gadufawa ta Nijar an tono kada da ya doshi tsawon mita goma, ga kuma ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe a gidan tarihi na Yamai. Lissafin shekarun da ake yi wa duwatsun nan shi ne dai wanda masu neman mai suka bi har suka haƙa rijiya a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, ban kuwa ji wanda ya ƙi man ba.

Ka nemi malami ɗaya daga sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Modibbo Adama ya raka ka Guyuk, ku naɗi shirin a can, mutanen wurin su faɗi da bakinsu abin da suke tsinta a gonakinsu da yadda suke kiransa. Ku yi tafiyar kafin ruwa ya sauka, don hanyoyin ƙauyukan ba su biyuwa da damina. Ku riƙi guduma da ruwan sha mai yawa, ku kuma fara gaida mai gari kafin ku taɓa dutsen kowa.